Share da Bakin Turanci

Ƙanena Azariya yana da wata cuta da har yau ban ga maganinta ba: ba ya iya ganin kwamfuta tana aiki ya ƙyale ta. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, yana aikin ajiye takardu a ƙaramar hukuma, amma idan ka zazzage aljihunsa filas ɗin kwamfuta za ka tarar guda biyar ko shida, kowanne da 'yar takarda manne a jikinsa. Kowane filas yana ɗauke da wata babbar manhaja ta tuƙa kwamfuta, irin waɗanda ake bayarwa kyauta, kowa kuma yana da damar buɗe cikinsu ya gyara. Linux yake kiran danginsu duka, yana kuma maganarsu yadda wasu maza suke maganar ƙwallo.

Ni ce Rachael, yayarsa, malamar Turanci a wata sakandare a Kafanchan. Ina da saurin fushi, na sani, ba sai an gaya mini ba. A gidanmu idan abu ya lalace ni ce mai fara neman wanda ya lalata.

Babanmu, Baba Ishmael, tsohon hedimasta ne, yana zaune a Madakiya. Yana da laftof da ta haura shekara goma, wadda idan ya kunna ta yakan tafi ya dafa ruwan shayi ya dawo kafin ta gama buɗe ido. Da aka daina aiko wa tsohuwar Windows ɗinsa gyare-gyare, sai Azariya ya samu abin da yake nema. Ya ce a sauya mata manhaja gaba ɗaya, amma a gwada da yawa tukuna Baba ya zaɓa da kansa. Ya yi bayani cewa gwaji daga filas ba ya taɓa komai a cikin kwamfutar, ana zare filas ɗin komai yana nan yadda aka bar shi. Ni dai na ce ban yarda ba, kuma na faɗa da ƙarfi.

Ina da dalili. A cikin laftof ɗin akwai wata folda mai suna Lai'atu, sunan mamarmu, wadda ta rasu bara a ƙarshen damina. Waƙoƙi goma sha huɗu ne a ciki, da muryarta, cikin yarenmu na Jju, waɗanda ita ta tsara su da kanta, wasu a zumuntar mata ta majami'a wasu a gonar citta. Azariya ne ya ɗauke ta da wayarta watanni kaɗan kafin ta kwanta, ya zuba a laftof ɗin Baba. Wayar ta ɓata a kasuwa tun Mama tana da rai. Bayan jana'iza Baba ya hana kowa kwafar foldar, ya ce ba ya so muryar matarsa ta riƙa yawo a WhatsApp tsakanin tallan maganin basir da hoton biki. Shi kansa bai iya sauraron ko ɗaya ba tsawon shekarar nan. Sai da sujadar godiya ta cika shekara ta matso ya ce ranar Lahadi, bayan wa'azi, za a kunna uku daga ciki a majami'a, sau ɗaya, shi ke nan. Ke nan duk duniya muryar Mama a wuri ɗaya take, cikin kwamfutar da ƙanena yake wasa da ita.

Baba kuwa gwajin ya yi masa daɗi, domin ya mayar da shi jarrabawa. Ya samo wani tsohon littafin rubutu ya ja layuka da rula. Kowace manhaja sai ta amsa tambayoyi biyar: minti nawa take ɗauka kafin ta buɗe, ko yana ganin rubutunta ba tare da ya matso da hancinsa ba, ko tana gane firintarsa, ko za ta bar shi ya rubuta ƙ da ɗ da haruffan Jju, da kuma tsawon lokacin da batir zai yi idan an ɗauke wuta. Sunayensu ba su zauna masa a baki ba, sai ya raɗa musu nasa. Mint ta zama Mai Kore, ya ce ta yi kama da gidan da ya saba, an sake fenti kawai. Ubuntu ta zama Mai Ruwan Lemo, ya yaba kyanta amma ya ce tsohuwar laftof ɗinsa tana nishi a ƙarƙashinta. Lubuntu ya kira ta Ramammiya, saboda ba ta da nauyi ko kaɗan, ya ba ta cikakken maki a gudu ya rage mata a ado.

Ta huɗu ta Azariya ce. Ya ɗauko wata ƙarama ya haɗa ta da hannunsa, kuma wata shida ke nan yana fassara kalmominta zuwa Hausa bayan ya tashi daga aiki. Bai gama ba, saboda haka rabin abin da ke kan allon Hausa ne rabi Turanci. Baba ya sa mata suna 'Yar Gida. Ina ganin yadda Azariya yake leƙen littafin makin nan duk lokacin da aka zo kanta, kamar ɗan firamare, abin ya ba ni haushi ya kuma ba ni tausayi.

Ranar Juma'a na tashi daga makaranta na wuce Madakiya da shinkafa da man gyaɗa na abincin baƙi. Na tarar Baba ya tafi gidan fasto kan tsarin sujada, Azariya kuma ya koma gari ɗauko 'ya'yansa daga makaranta. Laftof tana kan teburin falo a kunne, filas ɗin 'Yar Gida a jikinta. Washegari ne Baba zai faɗi wadda ta ci, a goge komai a zuba sabuwa. Gaskiya ne Azariya ya samu Baba ya yarda a kwafe foldar Mama a wani faifai na daban kafin a taɓa komai, faifan da Baba zai kulle a akwatinsa. Amma ni ban yarda da faifan Azariya ba. Na ce a raina bari in tura wa wayata in ajiye, ba wanda zai sani, idan yaron nan ya yi ɓarna gobe ni ce zan fitar da mu kunya.

Na kunna bulutut a wayata, na haɗa ta da laftof ɗin. Na nemo foldar na danna ta da maɓallin dama. Jerin kalmomi ya fito, Buɗe, Kwafa, sai wasu biyu na Turanci da Azariya bai kai kansu ba, sai a ƙasansu na ga abin da nake nema: Share. Na danna. Wani ɗan akwati ya fito yana tambaya, ka tabbata kana so ka share wannan? Har dariya na yi, na ce ji Hausar Azariya, irin ta guruf ɗin WhatsApp na majami'armu, inda kullum ake rubuta don Allah ku share wa 'yan'uwa. Na amsa da i. Ina riƙe da wayata ina jira ta yi ƙara, sai na ji ƙofar gida ta motsa da tarin Baba. Na rufe komai da sauri ban ko duba ba, na shige kicin. Wayar ba ta karɓi komai ba, na ce ai dama, aikin Azariya ne.

Da yamma Baba ya zare filas ya kunna tsohuwar Windows, domin mai hoto ya aiko da hotunan jana'iza da bidiyo a zaɓi na takardar sujada. Hotuna sama da ɗari huɗu ne, da bidiyo mai tsawon awa biyu. Ni na zauna kusa da shi na zuba su duka a cikin laftof ɗin, har ta yi gargaɗin cewa wuri ya kusa cika.

Asabar da hantsi matan zumunta sun riga sun cika tsakar gida, wasu na tsince shinkafa wasu na shara. Mu uku muna falo. Baba ya sa tabarau ya karanta sakamako daga ƙasa zuwa sama, yadda yake yi a makaranta. Mai Kore ta zo ta ɗaya. 'Yar Gida ta zo ta biyu, da sharhi cewa tana da ƙoƙari amma ta kammala Hausarta. Azariya ya yi murmushi yana sosa ƙeya, ya fito da faifan ajiya ya jona, ya ce bari a fara da foldar Mama.

Na ga hannunsa ya tsaya. Ya gangara ƙasa ya hau sama, ya rubuta sunan a wurin nema, ya duba kwandon shara na kwamfutar. Ya danna maɓallin wuta ya riƙe har laftof ɗin ta mutu.

Baba ya tambaye shi lafiya.

"Baba, foldan ba ya nan."

Ni na fara magana, kuma ban yi ta da sauƙi ba. Na ce tun ranar farko na faɗa. Na ce mutum ya rasa abin gwaji sai kwamfutar da muryar uwarsa take ciki. Na kira filas ɗinsa tarkace, na ce wata shida yana ɓata lokaci a kan abin da ba wanda ya aike shi, ga shi yanzu ya kashe Mama sau na biyu. Wannan maganar ta ƙarshe har matan da ke waje sun ji ta, domin tsintsiya ta tsaya na ɗan lokaci.

Baba bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya cire tabarau ya ajiye a kan littafin makin. Ya tuna wa Azariya cewa sau uku ya tambaye shi ko gwajin nan zai taɓa wani abu, sau uku ya ce a'a. Ya ce an riga an sanar a majami'a, 'yan'uwan Mama suna hanya daga Fadan Kaje da Samaru Kataf saboda waƙoƙin nan, akwai tsofaffin da ba su fita ko'ina amma sun ce a kawo su.

"Na yarda da kai, shi ne kuskurena," in ji shi.

Azariya ya haɗiye wannan. Ya ce akwai wata manhaja da ke tono abin da aka goge, muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba. Ya tambaya ko an zuba wani abu a laftof ɗin tun jiya. Baba ya faɗi maganar hotuna da bidiyo. Azariya ya rufe ido na ɗan lokaci, sannan ya sa filas ɗin 'Yar Gida ya kunna, domin a cikinsa manhajar tonon take. Kafin ya fara sai ya juyo da allon wajen Baba, yana so ya wanke kansa ko kaɗan ne. Ya ce abu ba ya gogewa da kansa a nan, sai mutum ya zaɓe shi da hannunsa.

"Duba, Baba. Sai an danna nan, an zo nan an danna share, ya tambaye ka, ka ce i."

Da Hausa ya faɗe ta. Share, irin ta tsintsiya, irin wadda mata suke yi a bayan tagar nan a daidai lokacin. Ni kuwa jiya da idon malamar Turanci na karanta ta, sheya, a raba wa wani. Haruffa biyar ne iri ɗaya, ba ko ɗigon da ya bambanta su. Na nemi hannun kujera na zauna.

Da ina da kirki da a nan na yi magana. Ban yi ba. Na zauna ina kallon ƙanena yana jona faifai, yana buga umarni a wani baƙin allo, wuyansa duk gumi, Baba kuma ya juya kujerarsa yana kallon bango. Tsoro nake ji, tsoron Baba da kunyar maganar da na yaɓa wa Azariya, kuma wani ɓangare na zuciyata yana lissafin cewa idan waƙoƙin suka dawo ba sai kowa ya sani ba.

Lambobi suka fara gudu a allon. Manhajar ta nuna saura awa ɗaya da minti arba'in. Ba a yi minti goma ba fankar sama ta rage gudu ta tsaya. An ɗauke wuta.

Bisa littafin Baba, batirin laftof ɗin yana yin minti hamsin da biyar a kan 'Yar Gida idan ba ta aikin komai, yanzu kuwa aiki take kamar injin niƙa. Azariya ya rage hasken allon har da ƙyar ake gani. Ya ce idan ta mutu a tsakiya sai an sake daga farko, kuma tsohon faifan da ke cikinta yana wani ƙara da bai gamsu da shi ba, ba lallai ya jure zagaye na biyu ba. Janaretan Baba ya lalace tun bikin Ista. Azariya ya ce yana da batirin sola a gidansa a Kafanchan, zai je ya ɗauko a babur. Ya roƙe mu kada kowa ya taɓa teburin.

Na bi shi waje da sunan zan buɗe masa ƙofa. Yana ta da babur ɗin, bai dube ni ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda matan ba za su ji ba.

"Sista, filas ɗina yana riƙe sunan duk wayan da aka haɗa. Na ga naki, jiya ƙarfe uku da kwata."

Na buɗe baki, ya girgiza kai.

"Abeg, bar shi haka. Ni ya riga ya yi fushi da ni, ba sai ya yi da mutum biyu ba. Kuma ni na sa kalman."

Ya ja babur ya fita. Tun yana goye a bayana nake yi wa yaron nan faɗa, ban taɓa jin ƙanƙanta a gabansa irin ta ranar ba.

Na koma falo. Batir yana kashi sittin da ɗaya. Baba yana nan yadda na bar shi. Daga waje ana jin matan sun fara gwajin waƙar da za su yi gobe, ɗaya ta ɗauka sauran su amsa. Na zauna ina kallon lambar batir tana sauka, hamsin da huɗu, arba'in da takwas. Can Baba ya ɗauko littafin makin ya buɗe shafin 'Yar Gida, ya zare murfin jan bironsa. Na san abin da zai yi, na ga ya yi wa ɗalibai da yawa. Zai ja layi biyu a kan shafin daga kusurwa zuwa kusurwa.

"Baba, kada ka ja. Ni ce."

Ya ɗago. Na faɗa masa duka, ban rage ba: yadda na so in kwafa a ɓoye bayan ya hana, yadda na karanta kalmar, yadda na ji tarinsa na rufe, da yadda na gane tun ɗazu na yi shiru ina ji yana yi wa Azariya faɗa.

Ya sa tabarau ya ce in rubuta masa kalmar. Na rubuta a gefen shafin. Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba, ya karanta ta da Hausa, ya sake karanta ta da Turanci.

"Hausansa daidai ne," ya ce. "Ke kika karanta da bakin Turanci."

Na ce haka ne.

"Kuskuren karatu kowa yana yi. Amma kin ce ya kashe uwarsa, a gaban mata. Wannan ba karatu ba ne."

Ya mayar da murfin biron. Ya ce shi ma yana da nasa, domin da ya bar mu mun kwafa tun bara da yanzu waƙoƙin suna wuri uku, amma ya riƙe su shi kaɗai kamar shi kaɗai aka yi wa mutuwa. Muka zauna muna kallon lamba ɗaya. Ashirin da biyu. Goma sha biyar. A goma laftof ɗin ta fito da gargaɗi, na miƙa hannu, Baba ya ce an ce kada a taɓa.

Tana kan huɗu muka ji babur. Azariya ya shigo da gudu rungume da batirin, wandonsa duk taɓo har gwiwa, ya durƙusa ya jona waya. Ɗan hasken caji ya kama. Ya zauna a ƙasa yana haki. Baba ya dube shi ya ce Rachael ta faɗa masa, ya kuma ce ya janye maganar da ya yi. Azariya ya kalle ni, na ce masa ya yafe mini, a gaban Baba, da cikakkiyar murya yadda na waje za su ji kamar yadda suka ji ta farko. Ya ce ba komai, Sista, idonsa na kan allo.

Sai bayan azahar tonon ya ƙare. Abin da ya fito ba shi da sunaye, lambobi ne kawai, dubbai, tsofaffin takardun jarrabawa da hotuna da wasiƙun da Baba ya goge shekaru da suka wuce. Azariya ya ware masu sauti, suka zama talatin da ɗaya. Muka fara kunna su ɗaya bayan ɗaya. Wa'azin wani baƙon fasto. Karatun Zabura da Baba ya taɓa ɗauka. Ƙarar da kwamfuta ke yi idan an kunna ta. A na goma sha biyu muryar Mama ta fito, tsaf, ta yi layi ɗaya da rabi, sai ta koma shuuu kamar rediyon da ya ɓata tasha. Baba ya riƙe hannun kujera. Na goma sha tara ma haka, daƙiƙa takwas. Bidiyon jana'izar da na zuba da hannuna ya kwanta a kan sauran.

Saura biyu Azariya ya kunna wani mai minti huɗu. Da farko ba a jin komai sai kaji da wani ƙara mai maimaituwa, shaa, shaa. Sai Mama ta gyara murya ta ɗauki waƙar girbin citta, wadda take yi idan an fara haƙa. Ta yi baiti ɗaya ta tsaya.

Azariya ya ce a hankali, wannan fayil ɗin ba ya cikin foldar. Gwajin farko ne na ɗaya daga cikin sha huɗun, Mama ta ce ya goge shi saboda ƙarar tsintsiya ta shiga, ya goge bayan ya riga ya zuba shi a laftof ɗin.

Muryar Mama ta ɗaga, tana kiran wani daga nesa. Ita kaɗai ce take kirana da sunana yadda yake a Littafi Mai Tsarki na Hausa.

"Rahila, bar sharan nan haka, yana shiga cikin waya. Zo ki karɓa mini amshi, ki koya."

Sai na ji kaina, daga can bakin ƙofa, da wannan muryar tawa ta mai sauri.

"Mama, ina da makin takardun yara. Ai ana ɗauka a waya, zan ji daga baya."

Mama ta yi dariya. Ta ce wa Azariya, ka ji ta, kullum daga baya. Sannan ta sake ɗaukar waƙar daga farko ta kai ta har ƙarshe ita kaɗai, tana yin baitin tana kuma amsa wa kanta, tsintsiyata tana tafiya a bayanta.

Fayil ɗin ya ƙare. Ashe matan waje sun taru a bakin taga. Na kasa ɗaga kaina. Azariya ya kwafe fayil ɗin a faifan ajiya, da filas biyu, da wayarsa, da tawa, Baba yana kallo bai hana ba.

Baba ya ce gobe wannan za a kunna, duka, ba za a yanke ko'ina ba. Na so in roƙe shi a cire tsakiyar, na ga ba ni da bakin roƙo. Ya jawo littafin makin ya buɗe sabon shafi, ya rubuta lamba ɗaya zuwa goma sha huɗu a gefe, ya cike ta farko. Sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Cikin sauran sha ukun, nawa kika iya daga farko har ƙarshe?"

Na ƙirga a raina, na sake ƙirgawa ko za su ƙaru.

"Huɗu, Baba."

Ya ce matan zumunta za su iya kawo uku ko huɗu, na majami'a. Na gona kuwa ba wanda ya bi ta gona sai mu. Ya ja ɗan gajeren layi a gaban lambobin ƙarshe, ya bar su ba komai. Ya ce wa Azariya ya kunna abin ɗaukar murya a 'Yar Gida, ya kuma sauya kalmar nan kafin ta ci wani. Azariya ya ce zai mayar da ita Goge. Ya turo laftof ɗin gabana, wani jan ɗigo yana ƙiftawa a allon.

Na ce ko za a bari sai an jima.

"Yanzu," in ji Baba.

Na ɗauki ta farko cikin huɗun da na iya. A baiti na biyu na nemi kalma na rasa, na tsaya ina jira a karɓa mini, falon ya yi shiru.